Kaboyi, Faɗa da Dirama: Amsoshin Wasiƙunku Kan Fina-finai

Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan watan a kan fina-finai suke, kuma kusan dukkansu daga cikin Jos da kewayenta suka fito. Hakan bai ba ni mamaki ba, domin garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta ajiye hedikwatarta a cikinsa, yake kuma da makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, ba za a rasa masu gardamar fim a majalisunsa ba. Na zaɓi guda biyar, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne mazaunin Gangare, na ba shekara 65 baya. A zamanin samartakarmu, in aka ce yau kaboyi za a nuna a sinima, sai mai rabo ke samun wurin zama. Kwanan baya na sa jikokina suka nemo mini irin wannan fim a waya muka zauna kallo tare, kafin a kai rabi biyu sun yi barci, na ukun kuma ya ce fim ɗin ba ya tafiya. Shin ƙuruciya ce ta sa muka ga kyansa, ko kuwa da gaske yana da kyau? Me kuma ya sa aka daina yin sa?

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara girma. Jikanka bai yi ƙarya ba da ya ce fim ɗin ba ya sauri, sai dai abin da ya ɗauka aibi ne, shi ne jarin fim ɗin kaboyi tun asali. Ƙarfinsa yana cikin jira. Ka tuna High Noon na shekarar 1952, wanda Gary Cooper ya fito a matsayin mai tsaron doka na wani ƙaramin gari: a ranar ɗaurin aurensa labari ya iso masa cewa wani ɗan ta'adda da ya taɓa turawa kurkuku zai sauka daga jirgin ƙasa da ƙarfe goma sha biyu na rana. Tsawon fim ɗin minti 85 ne, kuma kusan dukkansa ya ƙare ne a kan mutum ɗaya yana bin gari gida gida yana neman wanda zai tsaya masa, kowa yana kawo nasa uzurin, agogon bango kuma yana ta matsowa. Harbin da ake jira bai zo ba sai a ƙarshe, amma kafin ya zo mai kallo ya riga ya san darajar kowane harsashi, domin ya ga abin da ya ci wa mutumin nan kafin ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar titi.

Sergio Leone, darakta ɗan Italiya, ya ɗauki wannan jira ya miƙe shi iyakar miƙewa. A farkon Once Upon a Time in the West na 1968, mutum uku suna zaune a tashar jirgi fiye da minti goma kusan babu magana, sai ƙarar fanfon iska, da ɗigon ruwa a kan hular ɗaya daga cikinsu, da ƙuda da ya addabi fuskar wani. Wanda ya kalli wannan a babban allo, cikin duhu, da ɗaruruwan mutane sun yi tsit tare da shi, ya ji abin da mai kallo a tafin hannunsa ba zai ji ba, ga saƙonni suna shigowa, ga ƙani yana neman caja. Don haka ina ganin rabin barcin jikokinka laifin wayar ne. An yi fim ɗin kaboyi ne domin faɗin fili, domin a ga mahayi ɗan mitsitsi a gindin manyan duwatsu irin na Monument Valley da ke kan iyakar Arizona da Utah, inda John Ford ya ɗauki Stagecoach a 1939. In aka matse wannan fili ya koma faɗin yatsu huɗu, abin da ya rage shi ne mutum a kan doki yana tafiya a hankali.

To amma ba zan ɓoye maka rauninsa ba, kuma rauni ne babba wanda mu ma muka sa hannu a cikinsa ba mu sani ba. Ina tuna yadda sinimar Kwararafa ke kacamewa da tafi da sowa duk lokacin da aka busa ƙahon sojan doki suka taso wa mutanen da muke kira Indiyawan daji. Ba wanda ya gaya mana cewa su ne masu ƙasar, kuma ƙasarsu ake ƙwacewa. A watan Disamba na 1890, a wurin da ake kira Wounded Knee, sojojin Amurka sun kashe mutanen Lakota fiye da 150, da yawansu mata da yara, amma tsofaffin fina-finan kaboyi suka shafe shekaru suna nuna waɗannan mutane a matsayin ayarin masu ihu marasa suna, waɗanda faɗuwarsu daga kan doki ba ta da makoki. Haka kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas baƙaƙen fata ne, ga kuma 'yan Meziko da yawa, amma allo ya wanke su duka ya bar fari zalla. Mace kuwa, in ba malamar makaranta mai jiran a cece ta ba, to mai aiki a mashaya ce.

Game da dalilin ja bayansa, abu na farko shi ne gundura. A ƙarshen shekarun 1950 talabijin ɗin Amurka na nuna shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 a mako, Gunsmoke kaɗai ya yi shekara 20 ana nuna shi, daga 1955 zuwa 1975. Na biyu, yaƙin Vietnam ya sa matasan Amurka da yawa suka daina yarda da labarin farin mutum mai bindiga wanda kullum shi ke da gaskiya. Na uku kuwa kuɗi ne: Heaven's Gate na 1980 ya ci kimanin dala miliyan 44, bai dawo da ko miliyan 4 ba, daga nan masu zuba jari suka ja da baya. Sai dai bai mutu ba. Dances with Wolves na 1990 ya ba mutanen Lakota bakin magana da harshensu, ya kuma ci lambar Oscar bakwai. Wanda nake so ka nema ka kalla da jikokinka, in sun mallaki hankalin kansu, shi ne Unforgiven na 1992, inda Clint Eastwood ya fito a matsayin tsohon makashi da ya koma kiwo, hawa doki ma yana ba shi wuya. A ciki akwai wani yaro mai cika baki da yawan mutanen da ya kashe, amma ranar da ya kashe mutum na farko da gaske, sai ya zauna a gindin bishiya jikinsa na rawa yana hawaye, ya ce ya bar bindiga har abada. A ganina wannan zama ɗaya ya biya bashin da fina-finan kaboyi da yawa suka ci.

TAMBAYA: Yallabai, ni matashi ne mai shagon cajin waya a Unguwar Rogo. Kullum gardama ake a majalisarmu: manya suna cewa tun da Bruce Lee ya mutu aka daina faɗan gaske, mu kuma muna cewa na yanzu sun fi kyau saboda na'ura ta ci gaba. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Ƙanena, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma yankin da manyanku suka riƙe ya fi girma, ko da yake dalilin da suke bayarwa bai cika ba. Abin da fim ɗin faɗa yake da shi wanda sauran ba su da shi shi ne jikin ɗan Adam yana yin abin da ido ke shakkar yiwuwarsa, kuma ba ya buƙatar tafinta. Shi ya sa yaron da bai san kalma ɗaya ta Sinanci ko Turanci ba zai fito daga gidan kallo ya ba ka labarin fim ɗin Chanis daga farko har ƙarshe. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32, bai ma ga fitowar Enter the Dragon ba, amma ka je ka sake kallon karawarsa da Chuck Norris a Way of the Dragon na 1972, ka lura da inda aka ajiye kyamara. Tana nesa, kana ganin mutum biyu daga kai har ƙafa, kana ganin wanda ya kai duka da wanda ya kauce, da lokacin da ɗaya ya gane salon ɗayan ya sauya nasa. Labari ake ba ka da ƙafa da hannu. Jackie Chan ya ƙara wani abu a kai, wato jin zafi: in ya naushi mutum yakan yarfe hannunsa don shi ma ya ji a jikinsa. A Police Story na 1985 ya sulalo daga bene ta jikin wani dogon ƙarfe da aka naɗe da fitilu har tafin hannuwansa suka ƙone, kuma a ƙarshen fina-finansa yakan nuna inda aka yi kuskure aka ji ciwo.

Inda fim ɗin faɗa ya fara rauni ba zuwan kwamfuta ba ne, tun kafin nan ne, a ranar da jarumi ya daina jin ciwo. Mutane da yawa sun manta cewa Rambo na farko, wato First Blood na 1982, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Vietnam da tabon yaƙi a zuciya, 'yan sandan wani ƙaramin gari suka wulaƙanta shi, mutum ɗaya tak aka nuna mutuwarsa a fili, fim ɗin kuma ya ƙare da jarumin yana kuka a gaban tsohon kwamandansa. Waɗanda suka biyo baya, da irin su Commando na 1985, sai suka koma lissafin gawa: mutum ɗaya tsaye a fili babu mafaka, sojoji gomomi suna harbinsa ba wanda ya same shi. Daga nan maganar da muke yi a gidan kallo, cewa akta ba ya mutuwa, ta tashi daga zolaya ta zama doka, kuma in mai kallo ya tabbata ba abin da zai sami jarumi, to fargaba ta tafi, sai ƙarar fashewa kawai. Abin da ya sa Die Hard na 1988 bai tsufa ba shi ne ya dawo da ciwon, jarumin ba takalmi a ƙafarsa, ya taka fasassun gilasai, muka ga yana zare su daga tafin ƙafarsa jini na zuba.

Akwai wani rauni da nake so matasanmu su riƙa lura da shi. Bos a fim ɗin faɗa na Amurka yakan bi siyasar ƙasar da ta yi fim ɗin. A Rambo III na 1988 mayaƙan Afganistan abokan jarumi ne, domin a lokacin Tarayyar Sobiyet ce abokiyar gaba. Bayan 'yan shekaru kaɗan, a fina-finai irin su True Lies na 1994, mai rawani da gemu ya koma ɗan ta'adda. Wanda ke kallo ba ya tambayar wa ya zaɓa masa abokin gaba, zai wayi gari yana tafa wa wanda ke harbin mai kama da shi.

Game da na yanzu, ga gwajin da za ku iya yi a shagonka yau da daddare. Ku sa faɗa ɗaya daga fim ɗin da kuke so, ku ƙirga daƙiƙa nawa hoto ke tsayawa kafin a yanka zuwa wani. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka shiga yayin girgiza kyamara da yanka hoto kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda a hannun gwani yana sa zuciya bugawa, amma a hannun mafi yawa hanya ce ta ɓoye cewa jarumin bai iya faɗan ba. In ba ku ga naushi ya tashi ya sauka a hoto ɗaya ba, to edita ne ya yi faɗan. Sai dai ku gaya wa manyanku cewa faɗan gaske bai ƙare ba. The Raid na 2011 daga Indonesiya yana nan, John Wick na 2014 wanda daraktansa ya daɗe yana shiga wuraren haɗari a madadin jarumai yana nan, haka ma Mad Max: Fury Road na 2015 da aka ɗauka da motoci na gaske a hamadar Namibiya, aka yi amfani da kwamfuta wajen cike gurbi, ya kuma ci lambar Oscar shida.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Nasarawa Gwom. Maigidana ya ce Sholay fim ɗin kaboyi ne, ni kuma na ce na Indiya ne. Ka raba mana gardama.

AMSA: Hajiya, ke da maigida duk kun faɗi daidai. Sholay na Indiya ne, Ramesh Sippy ya ba da umarninsa, ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, amma ƙashin bayansa na kaboyi ne: ƙauye a tsakiyar duwatsu, 'yan fashi a kan dawaki, da baƙi biyu da aka ɗauko haya domin su kama shugaban 'yan fashin, Gabbar Singh. Wannan tsari ya yi doguwar tafiya kafin ya isa Indiya, domin Akira Kurosawa na Japan ya yi Seven Samurai a 1954 kan manoman da suka ɗauko mayaƙa su kare su, Amurkawa suka mayar da shi kaboyi a The Magnificent Seven na 1960, Italiyawa kuma suka ƙara nasu salon. Abin da Indiyawa suka zuba a ciki shi ne abota da waƙa da makoki, shi ya sa har yau abin da mutanenmu suka fi tunawa ba harbe-harben ba ne, mutuwar Jai ce, ɗaya daga cikin baƙin nan biyu, abokinsa na rungume da shi, da bazawarar nan mai fararen kaya da ke kashe fitilu da daddare.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Bukuru. Na fi son fina-finan dirama, waɗanda ke ba da labarin rayuwar gida da zamantakewa, amma 'ya'yana suna cewa surutu ne da kuka kawai. Wani lokaci in na kalli namu na Hausa sai in ga kamar suna da hujja. Mene ne ke raba dirama mai kyau da marar kyau?

AMSA: Malama, a dirama kalma ce harsashi, kuma kamar yadda na faɗa wa Baba game da kaboyi, darajarta tana ga abin da ta ci wa mai furta ta. Misalin da ya fi kusa da zuciyata shi ne A Separation na Asghar Farhadi daga Iran, wanda ya fito a 2011 ya kuma ci Oscar a shekarar da ta biyo. Mata tana so iyalin su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu, miji ya ƙi tafiya domin mahaifinsa ya tsufa har ya daina gane mutane. Wa za ki ba laifi? Kusa da ƙarshe aka nemi wata talaka mai aikin gida ta dafa Alƙur'ani ta rantse kan abin da take kokwanto a kansa, alhali rantsuwar ce za ta kawo kuɗin da za su fitar da mijinta daga ƙangin bashi, sai ta koma kicin jikinta na ɓari ta ce ba za ta iya ba. Babu bindiga ko ɗaya a wannan fim, amma ban taɓa kallon wurin nan numfashina bai tsaya ba, kuma na tabbata duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe zai gane nauyin abin da ke kan matar nan ba tare da an yi masa bayani ba.

Irin wannan ƙarfi ba ya tsufa, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Bicycle Thieves na Italiya ya fito tun 1948, jaruminsa ma'aikacin masana'anta ne da bai taɓa yin fim ba. Matarsa a labarin ta kai zannuwan gadonsu jingina aka karɓo keken da zai yi aikin liƙa takardun talla da shi, a ranar farko aka sace keken, ya yi ta yawon nema da ƙaramin ɗansa, daga ƙarshe shi ma ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Ki sa babur ɗin haya ko Keke Napep a madadin keken, labarin ya zama na Titin Bauchi. Haka 12 Angry Men na 1957, mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya cikin zafi suna muhawara kan ran wani yaro da ake tuhuma da kisa, goma sha ɗaya sun ce a hukunta shi, ɗaya ya ce a dakata a sake dubawa. Surutu ne daga farko har ƙarshe, amma kowace jimla tana motsa wani daga inda yake tsaye.

Inda 'ya'yanki suke da hujja shi ne dirama ta fi kowane irin fim sauƙin yin ha'inci. In marubuci ya rasa yadda zai taɓa zuciya, sai ya kawo haɗarin mota, ko ciwon ajali, ko ya saki kiɗan tausayi domin ya gaya wa mai kallo cewa lokacin kuka ya yi. Ko Mother India na 1957, da iyayenmu mata suka haddace, yana da wannan hali na jibga wa mace ɗaya kowace irin musiba, sai dai ya tsira saboda hukuncin da uwar ta yanke kan ɗanta a ƙarshe ya fito ne daga halinta da muka daɗe muna gani. A namu fina-finan, tun daga Turmin Danya na 1990 da ake lissafawa a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa, dirama ce ta fi yawa, kuma dalilin a fili yake, domin falo da kujeru sun fi fashewar mota araha. Ba na ganin wannan a matsayin abin kunya. Abin da ke damuna shi ne kishiya ko uwar miji da ake yi wa baƙin hali ba dalili, kamar an haife ta da mugunta, da kuma abin da muka gani da idonmu sai a sa wata ta je ta ba ƙawarta labarinsa, ƙawar kuma ta kai wa mahaifiyarta. Zuwan fina-finai masu dogon zango ya ƙara wannan ciwo, domin labarin da zai ƙare a kashi goma akan ja shi zuwa hamsin. Ranar da marubutanmu suka ba kishiya hujjar da za ta sa uwargida mai kallo ta yi shiru tana tunani, ranar 'ya'yanki za su zauna kallo tare da ke.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon aikin fim a nan Jos. Duk lokacin da na bi ta Riyom na ga duwatsun nan sai in ga kamar an yi su ne domin fim ɗin kaboyi. Shin zai yiwu a yi irinsa da Hausa a Filato, ko zai zama kwaikwayo kawai?

AMSA: Ɗana, zai yiwu, kuma ba kai ne na farko da wannan tunani ya zo wa a yankinmu ba. Tun a 1966 Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya yi gajeren fim kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shi ma Leone a Almeriya ta ƙasar Sifen ya ɗauki yawancin filayen da duniya ta ɗauka Amurka ce. Ta fuskar wuri kuwa, wanda ke da duwatsun Riyom da na Shere, da tuddan jar ƙasa da kududdufan da haƙar kuza ta bari, da hazon hunturu da ke tace hasken rana, ba shi da abin da zai yi wa kowa hassada.

Gargaɗina yana kan labarin. Jigon fina-finan kaboyi da yawa shi ne rikici kan ƙasa da ruwa tsakanin masu shanu da manoma. Dokar Amurka ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160, wayar shinge mai ƙaya ta bazu bayan 1874, filin kiwo ya fara tsukewa, aka yi ta zubar da jini. Ba sai na gaya wa ɗan Filato abin da wannan ke tuna masa ba. In ka ɗauko tsohon tsarin kaboyi yadda yake, wato mutanen kirki a gefe ɗaya, miyagu marasa suna a ɗaya gefen, sannan baƙo mai bindiga ya zo ya share matsalar, ka ɗora shi a kan ƙauyukanmu, to ka zuba fetur a inda wuta ba ta gama mutuwa ba, kuma masu kallonka mutane ne da suka binne 'yan uwansu. Ko Shane na 1953, wanda ya tsaya a bayan manoma, ya ba mai shanun dama ya faɗi nasa, ya ce shi da irinsa ne suka riga zuwa suka sha wuyar wurin, yanzu an zo an kange musu hanyar ruwa. In har za ka taɓa wannan batu, wajibi ne kowane ɓangare ya sami fuska da suna da uwa da ke jiran dawowarsa, kowace gawa kuma a yi mata makoki.

Da ni ne kai, da na koma baya zuwa zamanin kuza. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, ƙasa mai arzikin kuza, daga hannun Ingila, Turawan mulki suka matsu da neman kuza, suka ɗebo dubun-dubatar mutane daga lardunan Arewa suka kawo su aikin tilas a ma'adinan Filato har zuwa 1944, da yawansu daga ƙasashe masu zafi, ba su da suturar da za ta tare musu sanyin Jos, ga ƙarancin abinci, ga cuta, mutane da dama ba su koma gida ba. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke tasowa daga Zariya ya hauro dutse zuwa Jos da Bukuru, wanda aka rufe a 1957. Ga tasha, ga barikin lebura, ga ɗan kwangila da ɗan sandan kamfani, ga baƙon da ya sauka daga jirgi yana neman ƙaninsa da aka ɗebo daga ƙauyensu. Duk kayan da fim ɗin kaboyi ke buƙata suna nan, kuma namu ne. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka ɗauki rakoda ka shiga tsofaffin unguwannin lebura na Bukuru da Barikin Ladi ka zauna da dattawan da iyayensu suka yi wannan aiki, ka tambaye su me ake ci, me ake rerawa a bakin rami, da wane suna ake kiran mai duba aiki. Ɗaukar hoton kuma ka tsara ta a Disamba ko Janairu, ka fita tun kafin fitowar rana, lokacin da hazo ke kwance a kan ruwan kududdufi, hayaƙi kuma na fita daga bakin mutum in ya yi magana.